Bakano a Bakin Teku

Akwai wani ciwo da ke damun mu Kanawa wanda babu asibitin da ke da maganinsa: kowannenmu ya yi imani da ciniki aka haife shi. Ko malamin makaranta ne, ko ma'aikacin ofis da bai taɓa sayar da ko allura ba, da zarar ya bar Kano sai ya naɗa kansa wakilin Kurmi da Kantin Kwari da Singa baki ɗaya. Nawa ciwon ya fi na kowa tsanani, domin a gidanmu ana ba da labarin wani kakanmu da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, da ayarin jakuna, wata da watanni a kan hanya. Ba wanda ya taɓa nuna mini ko igiyar jakin, amma da wannan gadon na shiga ƙasar Gana, ina taku ɗai-ɗai.

Biki ne ya kai ni. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe da zama a zangon Elmina yana sana'ar ɗinki, kuma zai aurar da 'yarsa. Elmina ɗan gari ne na masunta a bakin teku, kimanin kilomita 12 yamma da Cape Coast. Mutanen garin Fanti ne, su Edina suke kiransa. Tun kafin ka hango shi hancinka zai gaya maka an iso. Hayaƙin bandar kifi da iskar gishiri su ke fara yi maka sannu da zuwa, su shige cikin rigarka, ba kuma za su fita ba sai an haɗa su da sabulu. A tsakiyar garin akwai tafkin Benya da ke zubawa cikin teku, an ɗora masa gada, ƙarƙashinta kuma kwale-kwale ne cunkus, kowanne da fentinsa da tutocinsa. Wannan da tutar Jamus, wancan da ta Birazil, wani da ta Chelsea, wani an rubuta masa ayar Baibul a gefe. Na tambayi Kawu ko akwai Jamusawa a garin. Ya ce babu, launin ne kawai ya yi wa mai jirgin.

A ƙetaren gadar ga farin ginin nan da duniya ta san garin da shi, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, na Ingila suka karɓa a 1872. Wani maƙwabcin Kawu, tsohon malamin makaranta Bafante da kowa ke kira Tica, shi ya zagaya da ni. Ɗakunan ƙasa da aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi ba wurin raha ba ne, ban kuwa yi ba. Sai da muka fito iska ta buge ni sannan bakina ya dawo. Na ce masa ai mu Hausawa ba baƙi ba ne a ƙasar nan, kakanninmu sun san hanya tun ba a ƙirƙiro mota ba. Tica ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai kuwa. Ya nuna mini filin da ke gefen ginin, ya ce a nan tsohon garin yake kafin Turawan Ingila su yi masa ruwan igwa a 1873, kuma cikin sojojin da suka yi musu yaƙi a lokacin har da Hausawa da aka kwaso daga Legas.

"Ko kakan naka yana cikinsu?"

Na ce a'a, namu ɗan goro ne. Na kuma ce ashe rana ta yi, gara mu koma gida.

Zangon yana da gidan rediyonsa, wato wata Hajiya mai koko da ƙosai da ke kafa teburinta a bakin layi da an idar da sallar asuba. Kowa ta gabanta yake bi: direbobin tasi, 'yan makaranta, masuntan da suka kwana a ruwa, Musulmi da Kirista. Kokon gero ne da citta da kanumfari da barkono, kuma a duk faɗin Gana da sunanmu ake kiransa, abin da ya ƙara mini jin cewa gida na zo. Hausarta irin ta can ce, ba ta raba mace da namiji. Ina zaune na ji ta ce, "'Yata ya tafi kasuwa." Na ajiye kofi na ce, "Hajiya, ai ta tafi ake cewa." Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "To, Malam, na gode." Har ta ƙara mini gyaran ƙosai. A lokacin na ɗauka girmamawa ce.

Da la'asar na ce sai na je na ga tekun da kyau. A karatun fiƙihu an koya mana cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma tun ina yaro nake jiran ranar da zan yi aiki da wannan mas'ala, tunda a Kano ba ta da wurin aiki. Na cire sabon takalmina sau-ciki na ajiye a kan yashi, na naɗe hannun riga, na tsuguna. Wanke hannu ya tafi lafiya. A kurkurar baki na fahimci malam cewa ya yi mai tsarki ne, bai ce mai daɗi ba ne. Ina cikin tofarwa igiyar ruwa ta taso ta jiƙa ni har ƙirji, da za ta koma ta tafi da takalmin ƙafar dama. Yaran da ke buga ƙwallo suka bar ƙwallon suka zo kallo. Wani daga cikinsu ya ce in jira, teku ba ta riƙe kayan mutane. Na jira har aka kusa kiran magariba. Ta dawo da robar ruwa, da ɓawon kwakwa, da wani takalmi na ƙafar hagu wanda ba nawa ba.

Haka na isa kanti na farko, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa. Kantunan Elmina sun cancanci a tsaya a kansu. Wannan rumfar katako ce mai shuɗin fenti, faɗinta bai kai taku uku ba, amma abin da aka cusa a ciki zai isa a buɗe wa marayu sana'a: madara, Milo, magi, ashana, maganin sauro, ƙwai, ruwan leda, ƙugiyar kamun kifi, batir, burodi iri uku, na sukari da na shayi da na bota, har da sadin na gwangwani, a garin da kifi ke fitowa daga ruwa da ransa. Silifa kuma an rataye su a igiya a bakin ƙofa. Kusan kowane kanti da wa'azinsa a rubuce a sama. Wani yana tuna maka cewa lokacin Allah ya fi, na kusa da shi yana gaya wa maƙiya cewa su ba Allah ba ne, kuma in ka lura za ka ga masu kantunan biyu ba sa ga maciji.

Ba kowa a ciki. Na yi sallama, shiru. Na ƙara, shiru. Wata yarinya da ke wucewa ta ji tausayina ta ƙwala "agoo", nan take aka amsa "amee" daga bayan gida, sai ga mai kantin ta fito da kumfa a hannu, ashe ɗanta take yi wa wanka. Kantin a buɗe, kuɗi a gwangwani, ba mai tsaro sai kaza. Na zaɓi silifa, na miƙa babbar takarda. Ta girgiza gwangwanin ta ce babu canji, in dawo gobe. Ta jawo wani littafi ta rubuta. Na ce ai ba ta tambayi sunana ba. Ta ce ba sai ta tambaya ba, ta rubuta ɗan'uwan tela mai takalmi ɗaya.

A Kano mai saye ne ke shiga littafin mai kanti, shi ake bi. A nan ni nake bi. Kafin a jima ina bin mai burodi, ina bin mai aski, ina bin yaron da ke zaune ƙarƙashin lema yana tura kuɗi ta waya. Duk sanda na je karɓa sai a ce har yanzu canjin bai samu ba, amma ko zan ɗauki wani abu? Sai na ɗauka, lissafin ya rikice, a sake rubutawa. Kullum ina zagaya kantuna da tafiyar mai bin bashi, kullum ina dawowa da ledar abin da ban fita saye ba. Ni da na zo da niyyar koya musu kasuwanci.

Gidan abinci kuwa Tica ne ya kai ni, irin wanda suke kira cofba, a bayan kasuwa. Benci ne da teburi, da manyan tukwane a jere, da wata mata riƙe da ludayi wadda ba ta da lokacin murmushi. Ba a cewa a ba ni faranti ɗaya. Kuɗi ake faɗa: fufu na kaza, kifi na kaza, ita kuma ta auna da ido. Na leƙa wata tukunya na ga abin da Tica ya tabbatar mini gyazbi ne, na ce ni dai a bar ni da abin da ya fito daga ruwa. Aka kawo ruwan wanke hannu da sabulu, aka dire mini fufun rogo da agada yana iyo a cikin miya, ga kifi, ga wata ƙaguwa a kwance a sama da ƙafafunta duka. Matar ta nuna kwalbar shito, baƙin yajin nan nasu da ake soyawa da mai da busasshen kifi, ta tambaya ko zan iya. Na ce wa Tica ya gaya mata daga ƙasar tsire da ƙuli-ƙuli na fito. Ta zuba cokali. Na ce ta ƙara. Ba zan tsawaita ba. Na dai sha ruwan leda har ta daina lissafawa, kuma hawayen da na yi na ce hayaƙi ne.

Ƙaguwar ce ta ƙarasa ni. Na juya ta, na ƙwanƙwasa, na nemi ƙofa ban samu ba. Na sa ƙarfi, ƙafa ɗaya ta fizge ta faɗa cikin kwanon wani direba da ke can ƙarshen benci. Bai ko ɗago kai ba, ya ɗauka ya tauna. Bayan doguwar wahala abin da na ciro bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Wata 'yar yarinya da ke kusa da ni, wadda ba ta wuce aji biyu ba, ta tambaya ko na gama. Na tura mata. Ta cinye har ɓawon, ina jin ƙarar.

Duk wannan bai sa na saduda ba, domin a ganina ci daban, ciniki daban. Da daddare aka zauna lissafin abincin biki, matar Kawu ta faɗi abin da kifi zai ci. Na yi dariya na ce a bar mini kifi, ni zan sayo, kuma za su ga bambanci. Kawu ya ce, "Ɗana, bar wa mata wannan." Na ce, "Kawu, ka manta jinin wa ke jikina?" Ya ce bai manta ba, shi ya sa.

Na yi sammako na isa gada tun gari bai gama wayewa ba. Tsit. Jirage a ɗaure, maza a zaune a inuwa suna ɗinkin koma, wasu suna buga dara. Nan da nan na gano dabarar: sun ɓoye kifin ne don ya yi tsada, irin abin da 'yan hatsi ke yi a Dawanau. Na tsaya wajen wani dattijo na tambaye shi a asirce inda aka kai kayan. Ya tambaye ni yau wace rana ce. Na ce Talata. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Ashe masuntan Elmina, da na galibin gaɓar Gana, ba sa shiga teku ranar Talata. Al'ada ce tun ta kaka da kakanni, kuma babban bikin garin ma, Bakatue, ranar Talatar farko ta watan Yuli ake yinsa. Kowa a gidan Kawu ya sani, har jikokinsa. Da na yi ƙorafi ya ce ai cewa na yi a bar mini. Kafin na iso layi labari ya riga ni, Hajiya ta tarbe ni da "Sannu da zuwa, Kobina," sunan da Fanti ke sa wa yaron da aka haifa ranar Talata.

Ranar Alhamis na koma da shirin yaƙi. Na sa farar shadda da jar dara, don a san ba da yaro ake magana ba. Kifi na ganinka, mai jar koma. Kasuwar Mpoben ta cika ta batse: jirage suna shigowa ta ƙarƙashin gada, samari suna fitowa daga ruwa da kwanuka a ka suna gudu, mata suna ihu, ƙasa duk ruwa da ɓawon kifi. Shirina shi ne in tsallake dillalai in saya kai tsaye daga jirgi. Masuncin da na tara ya saurare ni, ya nuna mini wata mata da baki, ya wuce. Daga baya Tica ya bayyana mini cewa yawancin jiragen mata ne ke ba su kuɗin mai da na gyaran koma, don haka kifin yana da mai shi tun yana cikin ruwa. Matan kuma suna da shugabarsu, konkohema, wadda ke daidaita farashi da masunta idan jiragen farko suka iso. Wato farashin ranar kowa ya san shi a kasuwar, ban da mutum ɗaya.

Matar ƙatuwa ce, da malafa mai faɗi da wuƙa a hannu, gabanta babban kwano shaƙe da kifi. Wani yaro ɗan zango ya tsaya zai yi mana tafinta. Na ɗaga kifi ɗaya na duba idonsa, ba don na san abin da ake dubawa ba. Na ce nawa.

"Maame ta ce miliyan biyu."

Na yi murmushi. Ta ga shadda. Sidi miliyan biyu ai kuɗin gida ne har da mota a ciki. Amma ƙa'idar Kwari ita ce kada ka nuna fushi, ka dai sare shi tun daga tushe. Na ce, "Ɗari uku."

Yaron ya dubi matar, matar ta dubi yaron. Ta ɗaga yatsu biyu ta maimaita. Na ɗaga uku na ce ɗari uku, ko kwabo ba zan ƙara ba. Ta kira maƙwabciyarta suka yi magana da Fanti, maƙwabciyar ta kira wata. Yaron ya ja hannun rigata ya ce, "Alhaji, tsaya ka ji…" Na ce masa ya yi mini shiru, na san da la'adarsa a ciki, ba yau na fara ganin ɗan kamasho ba. Matar ta sake ƙoƙari, har da dafa ƙirji. Sai na fito da makamin ƙarshe. Na karkaɗe riga na juya na kama hanya, a hankali, kunnena a baya. Ban yi nisa ba ta kira ni.

Na ƙirga mata ɗari uku a tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya. Na ce saura gyara. Ta ɗebo jatan lande cike da hannu ta zuba a kai. Matan da suka taru suka sa tafi, wata har da guɗa irin tasu. Na ɗaga musu hannu.

Wata yarinya ta zo za ta ɗaukar mini, na ce a'a, ribar da na ci ba zan raba ta da kowa ba. Mai tasi ya dubi kwanon ya dubi kujerarsa ya ja mota. Na ɗora a ka, ba gammo, a kan jar dara. Wanda bai taɓa ɗaukar ɗanyen kifi a ka ba, bai san ruwansa yana da hanyoyi ba: wani ta bayan kunne, wani ta ƙeya ya gangara har ƙugu. Na ƙetare gada ƙudaje suna yi mini rakiya ta sama, kyanwoyi ta ƙasa. Na isa gida na tarar an ɗauke wuta, abin da suke kira dumso, firjin ya zama akwati. Matar Kawu ta sa aka kwashi kifin zuwa wurin masu banda, inda ake jera shi a kan faifan waya, a ɗora wani kan wani bisa murhun laka, irin wanda ya samo sunansa daga unguwar Chorkor ta Akra. Kuɗin itace da na aiki ni na biya, ban damu ba.

A daren nan duk wanda ya shigo gidan sai na ba shi labari. Daga miliyan biyu zuwa ɗari uku! Kawu ya kama tari, ya ce zai shiga ya kwanta. Tica ya ce in maimaita masa lambobin a hankali. Na maimaita. Ya tashi ya fita riƙe da ciki, na ɗauka fufun rana ne.

Da safe bencin Hajiya ya cika fiye da kullum, har da mutanen da ban taɓa gani suna shan koko ba. Ta bari sai da na zauna na kai kofi baki, sannan ta kwance bakin zaninta ta zaro takardar sidi ɗari ta ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"Malam Kobina, Maame mai kifi ya aiko. Ya ce canjinka ne."

Tica ne ya yi bayanin, a tsaye, da muryar aji. A 2007 Gana ta sauya kuɗinta, aka cire sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. Amma har yau manya a kasuwa da tsohon lissafi suke ƙirga. Miliyan ɗaya a bakinsu sidi ɗari ne. Miliyan biyu, ɗari biyu.

Hajiya ta karɓe zancen. "Ya ce ya yi ya yi ya gaya maka, ka ce ko kwabo ba ka ragewa. Ya ce tun da yake sayar da kifi bai taɓa ganin wanda ya yi fushi ya tafi don an ƙi karɓar ƙarin kuɗinsa ba. Jatan landen kuma ya ce ka riƙe, na kallo ne." Ta dakata, ta dube ni. "Ko ta ce ake cewa, Malam?"

Na ce duk ɗaya ne, Hajiya.

Har gobe ina nan a kan cewa dabarar juya baya ta yi aiki, domin ai ta kira ni. Kuma dai a duk garin Maame ce kaɗai ta taɓa ba ni canji.

Ranar Lahadi aka yi biki. Kifin ya yi daɗi, aka ci da dokunu da wake da shinkafa mai jan launin karan dafi. Matan Mpoben sun zo su da yawa ba tare da an gayyace su ba, suka ce sun zo ganin angon kasuwa. Da sanƙira ya zo kan dangin amarya na Nijeriya, bai ko kalli takardar da na rubuta masa cikakken sunana ba, ya ce a yi wa Alhaji Miliyan Biyu tafi. Kawu ya gaya wa dangin ango su ci da kyau, kifin da ya fi kowanne tsada a Elmina ne a gabansu.

Takardar ɗarin nan kuwa, ranar da zan taho na kai ta shuɗin kanti don in sayi kwalbar shito tsaraba. Mai kantin ta girgiza gwangwani, ta jawo littafi. Saboda haka duk mai niyyar zuwa Elmina, don Allah in ka shiga layin zango ka tsaya a rumfar katako mai shuɗin fenti, ka ce agoo, ka ce Alhaji Miliyan Biyu ne ya aiko ka karɓar canjinsa. Ka tafi da ƙananan kuɗi a aljihu, kuma kome ta nuna maka kada ka ɗauka.